Fentin da na yi wa gidanmu

Gidanmu yana kan hanyar Ushafa, kuma shekaru ya yi tsirara. An yi masa filasta amma ba fenti, ga rodi a saman katanga sun miƙe kamar gashin wanda ya ga aljani. Ciki kuwa akwai tayil, akwai silin, akwai labulen da Umma ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kansa.

Abba ya yi ritaya daga wata ma'aikatar tarayya, garatutinsa kaf ya zuba a ginin nan. Duk wanda ya yi masa maganar fenti, amsar ɗaya ce: "Ba a gama ba." Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, masu harajin gidaje daga bakin titi suke yi wa gida kuɗi. Wanda suka ga kamar ba a kammala ba, kaɗan suke rubuta masa. Wannan kaɗan ɗin ne fanshon Abba yake iya ɗauka, bayan kuɗin fili na shekara, da na masu gadi, da na kwasar shara, da famfon burtsatse mai suma duk wata. Ni abin da na sani kawai, 'yan motar makarantarmu suna kirana 'yar kango.

Da Abba ya tafi Kano ta'aziyya, sai na fasa asusuna. Barka da sallar da na daɗe ina tarawa ta sayi bokitin fenti biyu, ta kuma biya wani bawan Allah cikin masu zama da buroshi a bakin hanya suna jiran aiki.

"Ke, ubanki ya sani?" in ji Umma.

"Mamaki zan ba shi."

"Zai sha shi kuwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ki ce masa ya bi ta gefen tagata ma."

Ruwan hoda na zaɓa. Na rantse har direban jirgin sama sai ya leƙo. Awakin unguwa ma a gabanmu suka koma yin taro.

Abba ya dawo da la'asar. Ya tsaya da jakarsa a hannu yana kallon katangar, har na fara lissafa bulala. Ya shiga ya yi alwala.

Ba a yi wata ba masu harajin suka zo, su biyu, da fayil da tef ɗin awo. Babbansu ya daki katangar da tafin hannu yana dariya.

"Oga, gida ta gama kenan! Allah ya sa albarka."

"Amin," in ji Abba, a hankali.

Mutumin bai yi ƙarya ba, bai kuma nemi na goro ba. Abin da ya gani ya rubuta. Takardar sabon harajin da suka manna a get, Abba ya karanta ta sau uku, ya ninke ta, ya sa a aljihu. Daga bakin Umma na ji cewa in ba a biya ba, rufe gidan za a yi. Na ce zan kankare fentin da wuƙa, da farce ma in ta kama.

"Sun riga sun rubuta, uwata," in ji Abba. "Zo ki taya ni kwasar littattafai."

Falonsa muka kwashe, wanda yake karɓar baƙi a ciki. Magina suka fasa masa ƙofa ta titi, suka toshe ta ciki. Wani mai sayar da katin waya da ruwan leda ya kama shi haya. Kujerun muka jibge a ɗakina, har yau sai na haura su nake kaiwa gado.

Ran Juma'ar farko abokansa na ma'aikata suka zo kamar kullum. A benci ya zaunar da su cikin gareji, dattawa da manyan riguna, gwiwa na gugar gwiwa, janareton mai shago na ruri a kunnensu. Na kawo shayi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Alhaji, amma fa gidan ya fito."

Abba ya karɓi tiren daga hannuna, ya ajiye a ƙasa, don babu tebur.

"'Yata ce ta yi min," ya ce. "Da kuɗinta."