Yaya Hadiza da na'urar da ke jin harsuna

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hadiza, injiniyar kwamfuta kuma malamar jami'a, amma har yau in na ga an ɗaga waya ana cewa "ba na jin ka", ita nake tunawa.

Abin da ya jefa ta wannan aiki labari ne da wani jami'in tsaro maƙwabcinmu a unguwar Gawon Nama ya ba ta. Wata mata ta kira layin neman agaji daga wani ƙauye kusa da iyaka, 'yan bindiga sun shigo musu, tana ta magana da Zabarmanci. Wanda ya ɗauka bai gane ko wane harshe ba ne, balle ya nemo mai ji. Kafin a samo tafinta, wayar ta mutu.

Yaya ta ce dole na'ura ta iya sauraron 'yan kalmomi, ta gane harshen, ta tura kiran ga mai jin sa. Ta shiga kasuwanni da tashoshin mota tana roƙon mutane su yi mata magana ta waya, da ƙarar babura da yankewar sabis, domin a cewarta mai neman ceto ba daga ɗakin shiru yake kira ba. Gwajin farko da muryar Innarmu aka yi. Hausar garinmu zalla Inna ta yi, amma na'urar, da aka horar da maganar Kanawa, ta ce ba ta san wannan harshe ba. Inna ta yi fushi, mu kuwa muka yi ta dariya.

Da aikin ya kankama, wani kamfani ya nemi ta gyara shi yadda duk kiran da aka yi da Fillanci zai shiga jerin abin zargi. Ina zaune ta amsa wa wakilinsu: "Ranka shi daɗe, harshe na koya mata ganewa, ba ɓarawo ba. Kakata da Fillanci taka yi muna addu'a." Suka janye. Ta ci gaba da ɗalibanta kaɗan, har ciwon ƙoda ya kwantar da ita.

Yau irin wannan fasaha ta yaɗu, ta fi tata sauri nesa. Na san da Yaya na raye za ta yi murna. Na kuma san za ta tambaya: in na'urar ta gane harshenka, taimako za a aiko maka ko tuhuma?

Bara, bayan sallar Juma'a kusa da Hubbare, wani dattijo makiyayi ya tsare ni da kallo, ya tambaya ko ni ƙanen malamar nan ne mai ɗaukar murya. Da na gaya masa ta rasu, ya daɗe yana mata addu'a. Sannan ya ce tun da fitinar 'yan bindigar nan ta fara, in ya shigo birni ɓoye harshensa yake yi.

"Ita kaɗai ta ce mini in yi Fillanci, in ɗaga murya."

Allah Ya jiƙan Yaya Hadiza.