Faretin da Ba a Sallama Ba

Akwai ranar da mutum ke mantawa tun kafin ya kwanta barci, akwai kuma wadda za ta bi shi har kabari. Tawa ita ce ranar da unguwarmu ta shirya karrama 'yan mazan jiya, wato tsofaffin soja, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula suka koma bariki. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, amma ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Zan faɗe shi daki-daki yadda ya faru, don ni ba na son labari a hargitse.

Da farko sai in ce wani abu game da mutumin. A lungunmu na Ƙofar 'Yandaka akwai wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, wanda kowa ke kira Baba Saja. Ya je yaƙin Bama yana saurayi, ya dawo, ya ci gaba da aikin soja har aka yi yaƙin basasa da shi, sannan ya aje kaki ya kama gadi. A lokacin da nake magana tsufa ya ci ƙarfinshi, ido ya yi rauni, fansho kuwa sai a yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarshi ba. Amma ban taɓa ganin ya jingina da bango ba. Ko a tabarma yake zaune, bayanshi a miƙe yake kamar an sa mashi sanda. Ni akawun sito ne a wurin aikina, karatuna bai wuce firamare ba, don haka Akawu yake ce mani. Jininmu ya haɗu saboda mu duka ba mu son abu ba bisa tsari ba.

Da aka rantsar da sabuwar gwamnati, gari ya ɗauki murna. A taron ƙungiyar unguwa sai mai unguwa ya kawo shawarar a tara tsofaffin sojan da ke kewayenmu a girmama su, tunda kullum mutuwa ɗauke su take ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ce masu sannu. Ba kowa ya yarda ba. Wani tela ya miƙe ya ce da ƙyar muka rabu da masu kaki, yanzu kuma mu kafa masu rumfa? Ya ce shi har yau in ya ga bulala sai bayanshi ya yi ƙaiƙayi. Aka yi dariya, amma da yawa ra'ayinsu ke nan. Da maganar ta kai kunnen Baba Saja bai yi fushi ba. Cewa ya yi a gaya wa telan soja iri biyu ne, akwai wanda ya tafi daji da bindiga, akwai wanda ya tafi gidan rediyo da ita, su kuwa ba su taɓa sanin hanyar gidan rediyo ba. Wannan magana ita ta kashe gardamar.

Aka sa ni cikin masu tsara taron. Muka yanke cewa za a buɗe da addu'a, sai fareti, sai jawabin babban baƙo, sai rabon kyauta, sai abinci. Babban baƙon wani ɗan kasuwa ne da aka zaɓa daga yankinmu a wannan zaɓe. Ba zan faɗi muƙaminshi ba, don ba tonon asiri na zo yi ba, kuma gaskiya ba mugun mutum ba ne.

Da na kai wa Baba Saja labarin wanda zai zo, sai na ga idonshi ya kawo ruwa. Ya ce: "Akawu, na sara wa Bature, na sara wa masu kaki 'yan'uwana. Ban taɓa sara wa wanda talakawa suka zaɓa da hannunsu ba. In na miƙa mashi fareti ya amsa, to na gama aikina."

Na ce Allah ya kai mu. Na ɗauka magana ce ta tsofaffi. Ban tambaye shi me ake nufi da miƙa fareti ba, cikin kwamitinmu ma ba wanda ya tambaya, don a ganinmu fareti tafiya ce kawai ta hagu-dama a tafa a watse. Shi kuma bai yi mamu bayani ba, don a ganinshi wannan abu ne da ko yaro ya sani. A nan ɓarakar ta fara, ba mu sani ba.

Suka shiga gwaji kullum bayan la'asar a filin makarantar firamare, ƙarƙashin itatuwan bedi. Ba su kai ashirin ba. Akwai wani Kofur da ke zuwa daga Kambarawa, ƙafarshi ɗaya ta gajarce tun yaƙin basasa, mutum mai barkwanci. Shi ke tsokanar Baba Saja yana cewa muryarshi ta koma ta tsohuwar akuya, shi kuma ya ce mashi gurgu ya gyara layi ko ya sa shi tsallen kwaɗo. Su yi dariya har da tari. Rabon da in ga Baba Saja cikin nishaɗi irin wannan tun mahaifina na da rai.

Ranar taro ta zo. Damina ba ta zauna ba tukuna, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, gari ya ɗauki zafi mai nauyi tun da safe. Tsofaffin suka iso kafin kowa. Kakin wasu ya koɗe, na wasu ya yi masu yawa don jiki ya zube, wasu ma riga kawai ta rage sai suka haɗa da wandon gida. Amma kowa ya sha guga, lambobin yabo a ƙirji an goge su da toka suna ƙyalli. An aje masu kujeru a rumfa, Baba Saja ya ce a'a, ba a tarbar babban baƙo a zaune. Ya jera su a tsakiyar fili, ya tsaya a gabansu.

Baƙo bai zo da wuri ba. Hantsi ya yi, ya wuce, inuwar bedi ta janye ta bar su cikin rana. Na kai masu ruwa a buta, suka sha suna tsaye. Sai can muka ji ƙugin babura. 'Yan kabu-kabu ne a gaba suna ta oda, bayansu motoci, bayan motoci makaɗa da matasa masu ɗaga hotuna. Fili ya cika da hayaniya.

Baƙo na fitowa daga mota Baba Saja ya daka tsawar fareti. Ban san sauran murya irin wannan na cikin ƙirjinshi ba. Tsofaffin nan suka ƙame gaba ɗaya, har Kofur mai gajerar ƙafa. Hayaniya ta ɗan lafa. Baba Saja ya taka shi kaɗai, a hankali, ƙafa na bugun ƙasa, har ya iso gaban baƙo. Ya tsaya cik, ya kai hannun dama goshi, ya ce: "Ranka ya daɗe, fareti ya haɗu. Muna jiran umarni."

Abin da ya kamata baƙon ya yi, kamar yadda na sani daga baya, ba shi da yawa. Ya tsaya tsaye ya amsa gaisuwar, ko da hannu a ƙirji ne. Ya bi layi ya duba mutanen. In an gama, ya ce ya sallame su. Shi ke nan. Amma shi mutumin kasuwa ne da yawon neman ƙuri'a, ba wanda ya taɓa gaya mashi. Da ya ga hannu a sama sai ya washe baki, ya kama hannun nan da hannu biyu, ya janye shi daga goshin, ya girgiza, sannan ya ɗaga shi sama kamar yadda ake ɗaga hannun ɗan takara. Mai hoto ya ɗauka. Makaɗa suka saki kiɗa, matasa suka ɗauki kirari.

Ina kusa, na ga fuskar Baba Saja. Ba fushi na gani ba. Irin kallon mutumin da ya yi sallama a ƙofar gida aka yi shiru ne. Ana sakin hannun ya mayar da shi goshi, ya ci gaba da jira. Amma baƙo ya riga ya juya, jama'a sun kewaye shi sun nufi rumfa da shi. Dattijon ya tsaya hannu a goshi yana fuskantar bayan mutane. Da ya ga ba mai waiwayowa, ya sauke hannun, ya juya, ya taka ya koma gaban mutanenshi ya ƙame.

Aka yi jawabi mai tsawo. Baƙo ya yabi mazan jiya, ya ce su ne ginshiƙin ƙasa, ya yi alkawarin zai bi masu maganar fansho, aka tafa. Aka zo rabon kyauta, turmin shadda da sabulu da ɗan buhun gero ga kowane. Mai sanarwa ya yi ta kira su zo su amsa, ba wanda ya motsa daga layi. Aka ɗauka nauyin tsufa ne, sai matasa suka kwashi kayan suka aje wa kowa a gaban ƙafarshi. Baƙo ya duba agogo, aka ce ana jiranshi a wani taron, ya ɗaga wa jama'a hannu biyu, motoci suka tashi. Mutane suka faɗa wa abinci, suka ci, suka fara watsewa. Masu rumfa suka fara kwance igiya.

Tsofaffi na nan tsaye cikin rana.

Na je na ce: "Baba, taro ya tashi. Ku zo inuwa ku ci abinci."

Bai dube ni ba. Ya ce: "Ba a sallame mu ba, Akawu."

Kofur ne ya yi mani bayani ta gefen baki, gumi na zuba daga haɓarshi. Ya ce fareti in an miƙa shi ga mutum, ya zama nashi, ba mai taɓa shi sai shi. Na kira mai unguwa da sauri. Ya zo ya ce shi a matsayinshi ya sallame su, Allah ya yi masu albarka. Baba Saja ya gode mashi cikin ladabi, ya ce amma ba shi aka miƙa wa ba. Muka tura ɗan kabu-kabu ya bi baƙo. Ya daɗe, ya dawo ya ce ko kusa da motar ba a bar shi ya je ba.

Ni mutum ne mai son a bi doka, amma ranar na ga inda doka ke cin mai ita. Wani tsoho a ƙarshen layi ya durƙushe, aka ɗauke shi zuwa inuwa yana cewa a mayar da shi. Telan nan da ya yi gardama shi ne ya cire hularshi yana yi wa Kofur fifita, yana roƙonsu don girman Allah su haƙura. Baba Saja bai ko ƙifta ba. Leɓɓanshi sun bushe sun yi fari.

Muna cikin haka aka kira sallar azahar daga wajen hasumiyar Gobarau, masallatan unguwa suka ɗauka. Baba Saja ya saurara har ladan ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, a hankali, wannan kiran ya fi na kowane kwamanda. Ya juya ya fuskanci mutanenshi, ya ba su umarnin watsewa da muryar da da ƙyar ake ji. Bai dubi kayan da ke gaban ƙafarshi ba. Na riƙe mashi hannu zuwa masallaci, kuma wannan ne karo na farko da ya yarda wani ya riƙe shi. A zaune ya yi sallar.

Da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, bai ƙara fita ƙofar gida ba. Ni da mai unguwa muka yi ta sintiri gidan baƙon, yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce yana ganawa. Da muka samu ganinshi muka yi mashi bayani, mamaki ya kama shi ƙwarai. Ya ce wallahi shi girmamawa ya yi nufi, da an gaya mashi ai da ya yi, abin da bai fi ɗaga hannu ba. Ya ce zai zo har gida ya amsa gaisuwar. Na yarda da gaske yake.

Na kai wa Baba Saja wannan albishir. Ya sa aka ciro kakin aka goge, aka rataye a ƙusa inda zai riƙa ganinshi daga shimfiɗa. Duk sanda ya ji tsayuwar mota a bakin lungu sai ya ce a duba. In na shigo gaishe shi bayan na taso aiki, ba ya tambayata da baki, ido kawai yake ɗagowa, ni kuma in ce yana nan tafe, Baba. Damina ta zauna, gero ya yi kai, kakin na rataye. Daga baya ya daina sa a duba.

Ya rasu wata safiya ana yayyafi. Baƙon ya zo, amma gaisuwar mutuwa ya zo, ya zauna a tabarma ya yi addu'a, idonshi ya yi ja.

Abin da ya tsaya mani shi ne maƙabarta. Bayan an rufe shi an yi addu'a mutane sun juya, na waiwaya na ga Kofur bai taho ba. Yana tsaye a gefen kabarin da rigarshi ta gida, ya daidaita gajerar ƙafar da doguwar iyakar iyawarshi. Bai ɗaga hannu ba, don wurin ba na haka ba ne. Na ji ya ce, ƙasa-ƙasa: "Saja, an sallame ka. Huta." Sannan ya share fuska da hannun riga, ya ɗingisa ya bi bayanmu.

Yau cikin waɗanda suka tsaya a filin nan ba sauran ko ɗaya. Mun kafa rumfa, mun yi girki, mun sayi shadda, mun gayyato babban mutum, duk da kyakkyawar niyya, amma abu ɗaya da dattijon ke so, wanda ko kwabo ba a kashewa a kanshi, bai samu ba. Abin da na koya shi ne, in za ka girmama mutum, fara zama a gabanshi ka tambaye shi abin da shi ya ɗauka girma, ka saurara har ya gama. In ba haka ba, kanka ka yi wa biki, shi kuwa ka bar shi tsaye cikin rana. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa sun huta.