Kabewar Kabarin Burgl

A takarda sunanta Walburga, amma ban taɓa jin an kira ta haka ba sai ranar jana'izarta, a bakin Fada, limamin cocinmu. Mu Burgl muke ce mata. Tun muna aji ɗaya benci guda muke zama da ita, kuma tun lokacin ita ce mai tsallake katanga, ni ce mai riƙe mata takalmi.

Tana da yaya mai suna Zenzi. In ba an faɗa maka ba, ba za ka ce ciki ɗaya suka fito ba. Zenzi har tsumman goge kwanuka takan yi wa guga. Ta auri kafinta, ba ta taɓa barin ƙauyenmu ba, kuma ita ke wanke mayafan coci. Burgl kuwa tana budurwa ta bi masu lilon nan da ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa. Ta daɗe ba labarinta, sai ga ta ta dawo ba miji, ba akwati, sai dariya. Ta kama aikin sayar da burodi, a nan ta tsufa. Tana iyo a kogi har ta haura saba'in, kuma takan yi shanya ranar Lahadi, a bakin hanyar coci.

"Ke kunya ba ta kama ki?" in ji Zenzi. "Yau Lahadi, kin baje wa jama'a kamfai?"

"Yaya, ranar ma ba ta huta ba yau. Ni ce zan hana ta aikinta?"

Nakan yi dariya, amma sai na waiga tukuna na ga ba kowa. Shi ya sa take kirana matsoraciyata. Ba da zafi take faɗa ba. Lokacin da mijina ya rasu, ita ta tare a gidana, tana gasa mini dankali, tana rera waƙoƙin banza har na soma cin abinci.

Ciwonta bai daɗe ba. Da ta ga abin ya zo, sai ta danƙa mini 'ya'yan kabewa a hannu.

"Traudl, matsoraciyata, kada ki bari Yaya ta shimfiɗa mini baƙar ƙasa a kabari ta ja layi da manjagara kamar gadon asibiti. Kabewa nake so. Ko ba komai wani ya sha miya."

Na yi mata alkawari. Ta rasu a watan Maris, da ƙasa ta yi ɗumi na shuka.

Ban san haka kabewa take ba. Ta rufe kabarin, ta haye gicciye, ta miƙa hannu ta shiga kabarin gidan Grillmeier da ke maƙwabtaka. Na yi ta mamakin yadda take yabanya, don ni ba kullum nake zuwa ban-ruwa ba. Nakan zaɓi lokacin da ba mutane. A gidan burodi kuwa, da na shiga sai a yi shiru.

Sai ranar Dukan Tsarkaka ta matso. Kowa ya tare a makabarta yana gyara, ana zuba baƙar ƙasa, ana jera furanni da kyandir, don ranar kowane gida zai tsaya a gaban kabarinsa, Fada ya bi layi yana yayyafa ruwa, ido kuma yana aikinsa. Ga shi sanyi ya ƙone ganyen kabewar, ya yi baƙi ya kwanta kamar tsumma, 'ya'yan suna zaune a fili jajur.

Matar Grillmeier ta tare ni a bakin famfo.

"Traudl, gonarku za a girbe kafin gobe, ko mu kawo tukunya?"

Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai suna murmushi. Na ji kamar in nutse. Na koma gida na ɗauko wuƙa da buhun baƙar ƙasa. A hanya ina ce wa raina, ai Burgl ba ta gani, kuma Zenzi za ta gode mini.

Na yanke reshen da ya tsallaka, mai ɗauke da kabewar da ta fi girma. Na kai hannu kan na biyu sai na ji murya a bayana.

"Me kike yi?"

Zenzi ce, da baƙar rigarta mai guga, riƙe da butar ban-ruwa.

"Yaya, gyarawa nake, saboda gobe. Na san ba za ki so..."

"Kin san me? Wa kike tsammani ke shayar da abin nan tun watan Yuni? Aljanu?"

Na dubi butar da ke hannunta.

"Ni na tsani kabewar nan," in ji ta. "Dubi muninta. Na yi shekaru ina faɗa da yarinyar nan, ban ci ko sau ɗaya ba, kuma ba zan ci yanzu don ta kasa ba ni amsa ba. Ni ban taɓa yi mata alkawarin komai ba. Ke kika yi. Ina bakin ƙofa ranar, na ji."

Ta karɓe wuƙar daga hannuna, ta goge ta da hankici, ta sa a jaka. Sannan ta nuna kabewar da na yanke.

"Ɗauki. Ba za a bar ta ta ruɓe ba. Gidana za ki kai ta."

"Bari in nemo buhu in rufe."

"A'a. Haka nan."

Haka na rungume ta, na ratsa tsakiyar ƙauye da rana tsaka, ta gaban gidan burodi, ta gaban coci, labule yana motsi a kowace taga. Zenzi tana gaba, kanta a miƙe. Ga nauyi, ina tafe ina kuka. Da farko kunyar mutane nake ji. Kafin mu kai ƙofar Zenzi na manta da su, kunyar Burgl kawai nake ji.

Washegari muka tsaya mu biyu a gaban kabarin. Ba mu taɓa komai ba, kyandir kawai Zenzi ta kafa a tsakanin 'ya'yan kabewar, a miƙe sak. Da Fada ya iso ya ɗan tsaya, sannan ya yayyafa ruwan, har kan kabewa. Matar Grillmeier ta kau da kai. Ni ban waiga ba, ko da yake wuyana ya so.

Da yamma muka sha miyar a gidan Zenzi. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, kuma da Burgl ce ta dafa, da ta ƙone ta. Ta ware 'ya'yan ta shanya a kan taga, ta ce baɗi ita za ta shuka. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba.

Wuƙata har yau tana wurinta. Ban iya tambaya ba.