Muryar Baba cikin laya

Ni da yayana ba mu taɓa shiri a kan komai ba, balle a kan inda za a ajiye muryar Baba. Kafin Baba ya rasu, Yaya ya ɗauki hirarsa da waya a gonarmu ta Barmu, yana ba da labarin jakinsa da ya ƙi tsallake kwari, yana dariya har da tari. Ita kaɗai ta rage mana.

Kafin wayar ta mutu, Yaya ya zuba hirar cikin dis dur ɗinsa, wani ƙarfe mai faifai a ciki, wanda ke gurnani in an jona shi da kwamfuta. Shi a wurinsa, abin da ba shi da nauyi ba shi da amana. Ni kuwa na sa tawa a katin memuwar, ɗan katin ajiya na waya da bai kai farce ba, ina cika baki cewa nan gaba duniya duk nan za ta koma, tunda babu abin da ke juyawa a ciki balle ya lalace. Yaya ya ce ko kaza ta isa ta haɗiye ci gaban nawa.

Wata ranar kasuwa ya ɗaure ƙarfen nasa a bayan babur daga Tawa zuwa gida. Hanya ta girgiza shi son ranta. Da aka jona, sai ƙas-ƙas-ƙas, daga nan shiru. Wallahi na ji daɗi, na yi mako ina gaishe shi da ta'aziyya.

Sai dai katina ba ya hannuna. Na ba Gwaggo, ƙanwar Baba, ta riƙa saurare a rediyonta. Muka ɗunguma gidanta, ina gaba ina taƙama. Muka tarar da rediyon a rataye, babu komai a ramin katin.

"Gwaggo, ina ɗan abin nan?" na tambaya.

Ta jawo wata sabuwar laya daga wuyanta, jar fata, ɗinki tsaf. "Ga shi. Abu kamar ƙwarar wake, in ya hwaɗi cikin rairai wa ka ganin shi? Baduku na kai ma, ya rufe mini shi."

Na juya layar ina dubawa. Baduku ya yi aiki da zuciya ɗaya, har da ɗinkin ado a tsakiya, daidai inda katin yake kwance. Ko basilla ta ratsa shi, ko ta kauce, Allah kaɗai ya sani. Yaya ya fara murmushi, sai kuma ya daina, don ya tuna tasa ta riga ta tafi. Ya zaro reza.

Gwaggo ta fizge layarta ta mayar cikin riga. "Ku bar mini shi nan. In kun ɓarke kun iske ba kowa ciki, sau biyu ke nan ya mutu mini."

Yaya ya mayar da rezar aljihu. Muka sha furar da ta dama mana, muka hau babur, ina riƙe da kafaɗarsa har gida ba wanda ya tsokani wani.