Zauren Hirar da Ya Tona Asirin Hajiya

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a Nasarawo, nan cikin Gombe. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, kuma ina cikin shekara ta shida da sanin cewa ina ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ban da mahaifiyata da ƙanwata babu wanda ya sani, ko a coci ko a makaranta. Ina shan maganina, ina koyar da 'yan aji huɗu, kuma ina ganin kaina a matsayin mace mai wayewa, tunda ni ake kawo wa waya a gyara idan ta rikice a ofishin malamai.

A layin karɓar magani na saba da wasu mata. A can mukan yi hira, amma idan muka haɗu a kasuwa sai kowacce ta kau da kai. Ni na kawo shawarar mu buɗe zaure a manhajar hirar nan da kowa ke da ita a wayarsa. Muka kai mu talatin, Kirista da Musulmi, masu jin Tangale da Waja da Tera da Fulatanci, Hausa ta haɗa mu. A nan muke tuna wa juna lokacin magani, a nan budurwa take tambayar yadda za ta gaya wa mai neman aurenta gaskiya. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, asalin iyayenta Katsinawa ne, muna ce mata Hajiya. Tana sayar da tuwo da shinkafa da wake kusa da tasha a Bolari, direbobi da kanikawa da 'yan acaɓa duk a rumfarta suke ci. Ba ta iya rubutu ba, saƙon murya take turowa, kuma duk wadda ta tashi da baƙin ciki idan ta saurare ta sai ta yi dariya.

Kuskurena ƙarami ne a ido. Wata mai sayar da hatsi daga Kwadon, da muke karɓar magani tare, ta roƙi in sa ta a zauren. Lokacin jarrabawa ne, takardu sun yi mini yawa, sai na yi ƙiwar ajiye lambarta in shigar da ita da hannuna. Na ciro mahaɗin nan da duk wanda ya taɓa shi zai faɗo ciki, na tura mata. Ita kuma garin neman yadda ake yi ta tura shi zauren 'yan kasuwarsu ba ta sani ba. Na ga baƙin lambobi uku sun shigo, na ɗauka sababbi ne daga asibiti, har na yi musu maraba. Kwana huɗu suna ciki. Ɗaya daga cikinsu namiji ne, bai ce uffan ba. Ya bi jerin lambobinmu da hotunan da ke kansu, ya ji saƙonninmu, ya gane fuskar Hajiya, ya ɗauki hoton shafin ya fice.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika tasha. Duk da cewa ba a ɗaukar wannan cuta ta abinci, wa zai tsaya ya yi wa mai jin yunwa bayani? Mutanen da suka shekara goma suna cin tuwonta suka koma rumfar gaba. Ta dafa ta zubar, ta sake dafawa ta zubar. Sai ta turo saƙo na ƙarshe, babu zagi a ciki, muryarta a sanyaye. Cewa ta yi, “Malama, wa kika buɗe wa ƙofa?” Daga nan ta fita. Mata suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya, wasu har suka sauya layin waya, biyu kuma suka daina zuwa karɓar magani don tsoron a gan su. Wannan shi ya fi ci mini rai, domin a wurinmu barin magani wasa da rai ne.

Na rufe zauren, amma na san muna bukatar juna. Cikinmu akwai wata ma'aikaciya a sakatariya, aikinta da kwamfuta ne, sai na je gidanta ranar Asabar. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce sakacina ne, amma kuma ita manhajar ba don irinmu aka yi ta ba. Ta ce ko da an kulle saƙo a hanya, lambar wayarki tana tsaye a fili ga duk wanda ya shigo, lambar kuwa tana haɗe da sunanki da fuskarki. Sannan komai yana hannun kamfani ɗaya da ba mu san shi ba, in ya sauya doka gobe ba mu da ta cewa. Ta ce akwai wasu manhajojin da ba sa neman lamba, ba kuma na mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ma tana iya riƙe wurin ajiyar saƙonninta da kanta.

Mun yi wata biyu muna gwaji ni da ita. Ta farko ta yi kyau, amma sai da ta nemi lamba. Ta biyu tana shanye batir kafin azahar, ga halin wutar garin nan. Ta uku muka zauna a kai. Kowacce ta zaɓi sunan da ba nata ba, babu hoto, saƙonni suna gogewa da kansu bayan mako, kuma ba mai shiga sai biyu daga cikinmu sun gan ta ido da ido. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Wasu wayoyinsu sun tsufa, babu wurin sa sabuwar manhaja. Wasu suka ce sun gaji da amincewa da ni, kuma ban ga laifinsu ba. Mu goma sha ɗaya muka koma, sai daga baya ɗaya cikin biyun da suka bar magani ta dawo layin karɓar magani.

Hajiya kuwa ta rufe rumfarta ta koma wurin 'yar'uwarta a Kwadon, tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida. Na ɗauki tsawon lokaci kafin na iya zuwa. Ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta tambayi yara. Na durƙusa na nemi gafara, ta ce ta yafe tun tuni, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Na ciro waya zan nuna mata sabon wurinmu, ina ta bayanin cewa yanzu ba mai ganin lamba. Ta dafa hannuna ta mayar da wayar cikin jakata, ta ce, “'Yata, waya ba ta san ni ba. Mutum ne ya gane fuskata.” Har yau ba ta shiga ba. Duk wata nakan hau mota in je mu zauna, hirarmu ke nan.

Abin da na koya shi ne, asirin da aka ba ki amana ba naki ba ne da za ki yi masa gaggawa. Ina kira ga duk mai riƙe da zaure, na marasa lafiya ne, na masu neman shawara ne, ko na wani abin da mutane ba sa so a ji, ya tsaya ya tambayi kansa me baƙo zai gani idan ya faɗo ciki yau. Ku nemi manhajar da ba ta tallata lambar mutane, akwai su, kuma koyonsu bai kai wahalar da ake zato ba. Amma kada ku ɗauka ta isa. Ni na sami tawa, muna cikinta lafiya, sai dai duk tsaronta bai mayar wa Hajiya da ko mutum ɗaya cikin masu cin tuwonta ba.