Idon da Aka Ƙera Don Yatsu

Kafin a buɗe ƙofar gidan adana kayan tarihi, Anti Mai Yumɓu ta riga ta sa rigar aiki, ta jiƙa yumɓunta, ta kunna fitila a ɗan ɗakinta na ƙarƙashin bene. Aikinta ƙera siffofin halittun da suka shuɗe. Mu masu zagayawa da baƙi mu ke shan tafi, ita kuwa sai ƙura a gashin ido. A watan nan za ta yi ritaya, kuma wallahi ba zan yi shiru ba.

Abin alfaharin gidanmu wani ɗan dutse ne mai ɗauke da sawun idon wata mafarauciyar teku, dangin jatan lande na nesa, wadda ta rayu tun kafin itace ya tsiro a doron ƙasa. Idon ba irin namu ba ne, dubban ƙananan idanu ne jere kamar saƙar zuma. Dutsen na cikin gilashi, ba a taɓawa.

Yayan Anti, wanda ya raine ta, makaho ne. Wata rana ya ce, "Auta, shekara da shekaru kina ce min ido, ido. Ni fa har yau ban san me kike yi ba." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta tsaya mata a rai, ga shi tsufa ya kama shi.

Sai ta ƙera idon, girman kwano, ta goge shi sumul, ta zana ƙananan idanun da fenti. Muka yi ta yabo. Yaya ya zo ya shafa, ya ce, "To ina idon? Wannan ai sanƙona ne!" Muka fashe da dariya, ban da ita. Dukkanmu mun manta yatsa ba ya jin fenti.

Anti, ke ce ba ki ce ai ya isa ba. Kika kwaɓa sabon yumɓu, kika dinga danna idanun ɗaya bayan ɗaya da bututun biro, har wuyan hannunki ya kumbura. Mai haƙurin da ba a koyarwa!

Da Yaya ya dawo, yatsunsa suka daɗe suna bin layukan.

"Da duk waɗannan halittar take gani?"

"Duk, Yaya."

"Kai! Wanda wannan ta hango ai sai addu'a." Ya lalubo hannun Anti ya riƙe. "Ashe abin da kike yi ke nan, Auta."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Yanzu makarantar makafi kan kawo ɗalibanta, layi guda, kowa hannu a miƙe.

Mun gode, Anti, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu gadon teburinta, ga roƙona: in kun gama aiki, kafin ku kira mu yabo, ku rufe ido ku shafa.