Wa zai duba mini baya?

Kaskar dutsen Roni ba irin ta ko'ina ba ce. Na taɓa cire wata daga kunnen karena, wallahi sai da kare ya yi sauƙin ɗauka. Ku ce ƙarya nake yi; mai shaidata ya riga ya kwanta dama.

Shi ne abokin farautata, wani Bafulatani siriri kamar sandarsa. Ni kuwa jikan Barebari ne, don haka tun da muka haɗu ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Shi ya koya mini inda kaska take kwana: doguwar ciyawar gefen burtali, bakin mashayar shanu, da duk inuwa mai laima inda garke ya yi ƙailula. Ba ta tsalle, ba ta tashi. Hawa kan ganye take yi ta miƙa hannu kamar mai jiran ɗan acaɓa.

"Kai Babarbare, cusa wandon nan cikin safa," in ji shi. "Jininka duk mai ne, har daga garin Gwiwa za su jiwo ƙamshi."

"Bawana, kai da ba ka da jinin, me za su sha?"

Muna da ƙa'ida guda. In mun dawo, ko da zomo ko hannu rabbana, ba ma shiga gari sai mun tsaya gindin wata tsamiya, kowa ya tuɓe riga ya juya wa ɗan'uwansa baya. Hammata da ƙugu da bayan gwiwa mutum yana iya duba abinsa. Tsakanin kafaɗu kuwa sai da wani. Yakan kama kaskar daf da fata, ya ja a hankali don kada kan ya tsinke a ciki, yana cewa bayana ya kai filin idi faɗi.

Bara da kaka abokin nawa ya rasu. Bana da ciyawa ta yi tsawo na ce bari in gwada fita ni da kare. Na samo fakara. Da na iso tsamiya na tuɓe riga, na juya baya, har na buɗe baki zan ce ya yi sauri. Sai kare kawai yake kallona.

Na ɗaga waya ta bayan ƙeya na ɗauki hoto, ya fito da sararin sama da rabin kunnena. Na goga baya a jikin tsamiya kamar bijimi. Na yi dariya, ba wanda ya taya ni.

Ashe akwai kaska guda a tsakanin kafaɗuna. Ba a gan ta ba sai da zazzaɓi ya kayar da ni, mai ɗakina tana shafa mini ruwa ta tarar da ita ta cika ta yi tim kamar gurjiya.

Da na warke na rataye gorata ta farauta. Har yanzu nakan je tsamiyar da la'asar, amma ta hanyar mota, kuma da rigata a jikina.